Damin Aro da Shuɗiyar Igiya

Tun da ƙafafuna suka ƙi ni, ɗana ya ɗauko ni daga ƙauye ya ajiye ni a gidansa a Bodinga, ba ni da abokin hira kamar rediyo. Shi yana shago yana taka keken ɗinki, matarsa tana makarantar da take koyarwa, ni kuwa ina gindin darbejiya ina sauraren duniya tana rigima da kanta. Ran nan da hantsi ina tsintar wake aka sako shirin tarihi. Wai akwai wasu mutane a can Amurka da ake kira Ute, mazauna duwatsu tun kafin Bature ya taka ƙasar. Sai aka ga zinariya a duwatsun nasu. Turawa suka kwararo da diga da shebur da iyalansu, aka rubuta takarda aka ce daga nan zuwa can naku ne, ba mai taɓa muku. Da aka sake ganin abin duniya a cikin nakun, sai aka sake wata takardar. Kowace takarda ta zo, ƙasa ta ƙanƙance. An yi faɗa, an zubar da jini ta kowane ɓangare, a ƙarshe aka kwashe yawancinsu aka kai su inda ba su zaɓa ba. Na ajiye faifan waken a ƙasa. Ban san mutanen nan ba, ban san abin da suke ci ba, amma takardar nan na san ta, don ta taɓa zuwa har ƙofar gidanmu.

Ƙauyenmu yana can gefen Mandera, kuma a lokacin da nake faɗa kunne ya ishe ka sanin lokaci. Da asuba guga ne ke bugun bakin rijiya. Rana na ɗagawa lugude ya tashi gida gida, kana ji ka san wadda ta yi fushi da mijinta, don taɓaryarta ta fi ta kowa sauri. Jakai su yi kuka a hanyar kasuwa, kurciya ta karɓa, da la'asar kuma shanun Fulani su biyo burtali suna shigowa da ƙamshin daji. Yanzu in na je injin niƙa ne ke gaishe ni, sai babura masu zuwa Kajiji, sai waya a aljihun kowa tana kuka kamar jariri. Ba na cewa da ya fi yanzu daɗi, wanda ya taɓa surfa kwano biyar kafin karin kumallo ba zai zagi inji ba. Jikokina mata ne dai ke ba ni dariya, a ce su daka yaji kaɗan sai su nemi maganin ciwon kafaɗa. Ni ce babba a ɗakin Inna, ni ce ɗebo ruwa, ni ce itace, ni ce sussuka, kuma da yake sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, bai taɓa kirana da sunana ba. Uwata yake cewa, ko da zai yi mini faɗa ne.

A wancan zamani gona ba kaya ba ce da za a ɗauka a kai kasuwa. Ana gadonta, ana aronta. Baƙo in ya zo da fartanyarsa ya yi sallama, ba a hana shi wurin noma, sai dai akwai ƙa'ida ɗaya da ko yaro ya sani. In kaka ta yi, mai aro zai ɗauko dami guda na gero ya kai wa mai gona a ƙofar masallaci, a gaban mutane. Ba kuɗin haya ba ne, don dami guda me zai yi wa gida mai baki goma? Magana ce ake yi da gero maimakon baki, ma'anarta na san gonar nan ba tawa ba ce. Mutum ya yi shekara talatin yana noman wuri, muddin yana kai damin nan, 'ya'yansa ba za su tashi da rigima ba. Baba yakan ce shi bai san abin da alƙalami ke rubutawa a bayan idonsa ba, amma dami kowa yana ganin mai ɗauke da shi.

Muna da gona babba a jigawa, da ɗan bakin fadama, sai wani fako a tsakaninsu wanda ko akuya ba ta tsayawa a kansa. A fakon nan aka gwada gina rijiya wata shekara, ba a sami ruwa ba, sai wani dutse mai ƙyalli da magina suka fito da shi. Kafin kasuwa biyu ta ci, labari ya kai Shagari cewa an ga zinariya a gonar Baba, kafin ya kai Bodinga kuwa an ce da kwando muke kwasa. Muna nan sai ga wata mota ta tsaya a bakin gari, wani mutum ya fito da takalmi sau ciki da baƙin tabarau. Daga wani birni mai nisa yake, Hausarsa a miƙe kamar ta mai karanta labarai, ya ce wasu Turawa yake yi wa aiki. Mu dai Mai Tabarau muka sa masa, har ya bar ƙasar ban ji an kira shi da wani suna ba. Ni na kai musu ruwa zaure, na kuma ƙi fita da wuri.

"Baba, fakon nan naka ko ciyawa ba ya fitarwa," in ji shi. "Ka ba ni in tona, in an dace kowa ya samu."

"An ba ka," in ji Baba. "Amma aro na. In kaka ta yi, ka kawo man dami guda ƙohwar masallaci."

"Dami kuma? Ai ni ba noma zan yi ba."

"Ba ruwana da abin da kaka yi ciki. Dami guda."

Mai Tabarau ya yi dariya har da buga cinya, ya ce an gama. Ya sa hannu a aljihu zai fito da kuɗi, Baba ya mai da hannayensa baya ya ce ba a biyan aro. Sai baƙon ya fito da wata takarda ta boko, ya ce izinin tono ne kawai don kada hukuma ta tambaya. Baba ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta wasiƙa da ajami, amma boko baƙar ƙasa ce a wurinsa. Ya dangwala babban yatsa, ya goge shi a jikin bango, suka yi musafaha.

Aka kawo leburori suka yi ta tono, mu kuma muka sami kasuwar fura da dafaffen wake. Da kaka ta yi Baba ya aika a tuna wa Mai Tabarau. Shi kuwa ya ɗauki abin wasan tsofaffi, ya shiga kasuwar Bodinga ya sayo dami, a hanya ɗaurin kalgon ya tsinke a bayan mota, sai ya yanko wata shuɗiyar igiyar roba daga kayan aikinsa ya ɗaure. Ba a taɓa ganin irinta a garinmu ba. Aka sauke dami a ƙofar masallaci bayan la'asar, mutane suna ta kallon igiya suna murmushi. Shekara ta biyu ma haka, da irin igiyar. Baba bai zuba su a rumbu ba. Ya kafa musu ɗan gadon itace a kuryar zaure, ya barbaɗa toka saboda gara, ya ce ko tsinke kada wanda ya taɓa. Inna ta ce ita ba ta taɓa ganin gidan da ake yi wa gero shimfiɗa kamar baƙo ba.

A shekara ta uku ba dami. Abin da muka wayi gari muka gani shi ne turakun siminti da waya mai ƙaya, kuma ba fakon kaɗai suka zagaye ba, sun haɗiye gonar jigawa gaba ɗaya da bakin fadama. Baba ya je da sandarsa ya tambaya. Mai Tabarau ya buɗe takardar nan ya nuna masa yatsansa, ya ce ai ka sayar, ga iyaka nan a rubuce, har da wurin da ke cewa an biya ka. Kafin azahar samarin gari sun fito da gatura da sanduna. An fasa wa wani lebura kai, mutumin da shi ma abincinsa ya zo nema, leburori su ma suka ɗauki diga. Ina kan katanga ina gani Baba ya shiga tsakiya, rawaninsa ya kwance yana jan ƙasa.

"Ku aje!" ya ce wa samarin. "In kunka zub da jini, gona ta tahi, ku ma kun tahi. Akwai alƙali Shagari."

Suka ajiye, suna gunaguni suna cewa tsoho ya cika sanyi. Ni ma a raina haka na ce.

Shari'a ba ta sauri, damina kuwa ba ta jira. Aka yi ta ɗage zama, mu kuma ɗan filin bayan gida kaɗai muka shuka. Tsohon hatsi ya ƙare tun sabo bai fid da kai ba. A lokacin nan Inna ta haihu, namiji, bayan mata uku da ta binne biyu. Tafasa da rama da ɗan ƙuli-ƙuli ba sa kawo nono. Jaririn ya yi kwana biyu yana kuka, a na uku ya daina, kuma shirun ya fi kukan tayar mini da hankali. Inna ta roƙi Baba a sussuke dami ɗaya. Ya sunkuyar da kai ya ce in aka ci su an ci gonar, ya fita neman rance gidajen da su ma ba su da shi. Ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda na ji haushin Baba a ranar ba, ina sonsa kuwa kamar raina.

Da ya tafi masallaci na shiga zaure. Na zura hannu tsakiyar dami na zaro zangarniya biyar, na cusa kara a gurbinsu don kada ɗaurin ya saki. Ban isa in sa a turmi ba, don Baba ya san ƙarar turminmu ko daga bayan gari. Da tafin hannu na murje, na bushe ƙaiƙayi da baki, na niƙa a dutse a hankali, na dama kunu. Inna ta kalli ƙoƙon, ta kalle ni, ta sha. Washegari na ƙara, jibi ma haka. Da na farko ya zama kusan kara zalla, na koma kan na biyu. Na waje kaɗai na bari, waɗanda ido ke gani. Nono ya dawo, jariri ya dawo da kukansa har maƙwabta suna ƙorafi, ni kuwa kullum na wuce zaure sai gabana ya faɗi.

Ranar da aka sa za a yanke hukunci, Baba ya ɗaura wa jaki akumari tun da sassafe. Ya sunkuya ya yunƙura da ƙarfin ɗaukar dami, saura kaɗan ya faɗi da baya. Ya ajiye, ya ɗaga na biyu, ya zura hannu ya zaro kara. Ya kira ni.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Ɓera na, ko mutum?"

"Ni ta, Baba."

Na rufe ido ina jiran mari. Sai na ji ya ce, "Ɗauko mayahinki. Tare za mu tahi." Muka kama hanyar Shagari. Ina bin bayan jaki ina kuka a ɓoye, na tabbata na cinye gonar kakanninmu da ƙoƙo.

Alƙalin tsoho ne ƙwarai, ɗan siriri, yana magana kamar barci zai ɗauke shi. Magatakarda ya karanta takarda ya fassara, kowace kalma tana sauka a kaina. Mai Tabarau ya ce shi bai san wata maganar aro ba, ciniki aka yi. Dattawan masallacinmu sun ba da shaida, ya ce ai duk dangin juna ne. Da aka nuna masa damman, ya ɗaga kafaɗa ya ce gero duk gero ne, igiya kuma ana sayarwa a kasuwa, shi bai san su ba. Alƙali ya ce a kwance a gani. Baba ya durƙusa ya kwance shuɗiyar igiya da hannunsa, sai ga kara ya watse a tsakar kotu, da 'yan zangarniyoyi kamar a ƙirga da yatsu. Wuri ya ɗauki dariya. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Alƙali bai yi dariya ba. Ya dubi karan, ya dubi Baba, ya girgiza kai kamar mai tausayi.

"Ashe haka anka yi maka, bawan Allah? Babban mutum, mai mota, yaz zo garinku yab ba ka kara da sunan hatsi? Wanga abin kunya na. Ko gidan matsiyaci ba a yin haka."

Kafin Baba ya buɗe baki Mai Tabarau ya miƙe tsaye, ya cire tabaran, ranar na fara ganin idanunsa.

"Allah ya gafarta malam, wannan sharri ne! Ni ban taɓa ba mutum kara ba. Gero mai kyau na sayo a kasuwar Bodinga, dami cikakke, sai da mutum biyu suka sauke shi daga mota. Shekara biyu ina kawowa. Su suka cinye abinsu, su zo nan su ɓata mini suna."

Alƙali ya juya wajen magatakarda ya ce, "Rubuta. Shekara biyu, in ji shi." Sannan ya tambaya a ina ake sauke damin. Mai Tabarau ya ce a ƙofar masallaci, kamar yadda tsohon ya nema, kuma har lokacin bai gane abin da bakinsa ya yi ba. Alƙali ya tambayi wanda ya cinye geron. Baba ya nuna ni. Na faɗi abin da ya faru, har da maganar kunun Inna.

"Jaririn ya rayu?" in ji alƙali.

"Shina nan, Allah shi gafarta malam."

"Madalla." Ya juya wajen baƙon. "Ni ɗan manomi na. Tun da nike ban taɓa ganin wanda yas sai gona ba, kuma shina kai ma mai ita dami ƙohwar masallaci. Wa yag ga sa'adda ka biya kuɗɗin da takardag ga ta ce?"

Ba a sami ko mutum ɗaya ba. Aka ce ya tumɓuke turakunsa kafin Jumma'a.

A hanyar komawa Baba ya tsaya bakin kasuwa ya saya mini rake gaɓa biyu, ya ɗora ni a kan jaki, abin da bai taɓa yi ba tun da na yi wayo. Ya ce, "Uwata, kada ki ɗauka kin yi daidai. Allah na yad dube mu." Na ce to. Can kuma ya ce, "Ni ma ban yi daidai ba. Ina kallon gona, ban ga ɗana ba." Ya juya fuska wajen gonakin mutane yana goge ido da bakin rawani, ni kuma na yi kamar raken ne ya ɗauke mini hankali.

Daga baya muka ji cewa duwatsun da aka yi ta aikawa birni ba zinariya ba ce, ƙyalli ne kawai, Turawan ma sun janye hannunsu. Shi ya sa Mai Tabarau bai ɗaukaka ƙara ba. Na daɗe ina ba da labarin nan kamar wayonmu ne ya cece mu, amma ran da na ji na mutanen Ute sai na gane ba haka ba ne. Mu mun sami alƙalin da ya san abin da dami ke nufi, kuma ƙasarmu ta tashi ba komai a cikinta sai abin da aka shuka. Su kuwa takarda ta baƙo ce, mai fassara ta na baƙo, bindiga ta baƙo, zinariyar kuma ta gaske. Da abin da ke fakonmu na gaske ne, ban sani ba ko dami biyu za su tsare mu. Na ji tausayinsu har raina, na kuma ƙara gode wa Allah da ya yi mu a kan ƙasa mai rowar dukiya.

Ramin da leburori suka bari yana tara ruwa har tsakiyar rani. Jaririn nan mai kuka, wanda yanzu gemunsa ya fi kaina fari, shi ke noman albasa a bakinsa, da ita ya aurar da 'ya'yansa, da ita ya je Makka. In ya zo gaishe ni nakan ce masa ya riƙa durƙusawa da kyau, don da geron sata aka raya shi. Baba da Inna sun daɗe da komawa ga Allah, sun tafi suna kan ƙasarsu, mu ma muna kai. Ban rasa komai ba a duniyar nan, har tsufa an ba ni.

Makon jiya ƙanen nawa ya bugo waya. Wai wasu sun zo da wata na'ura mai kuka in an kara ta a ƙasa, suna son fakon, sun ce haya kawai, ga takarda. Ɗana ya ce a duba, zamani ya canza, ba kowa ne macuci ba. Na ce gaskiya ne. Na sa aka jawo mini tsohuwar adakata, na zaro shuɗiyar igiya daga ƙarƙashin zannuwa, ta koɗe ta yi fari-fari amma ba ta tsinke ba. Na ce ya kai wa kawunsa, ya tafi da matarsa malamar makaranta ta karanta takardar sau biyu da ƙarfi a gaban mutane, sannan a gaya wa baƙin aro ne, dami guda duk kaka, a ƙofar masallaci.

Ɗana ya juya igiyar a hannunsa yana murmushi. "Haba Inna, zamanin ga wa ka kawo dami?"

"Wanda yas san gonar ba tashi ba ta," na ce masa. "In sun ce ba su san inda aka samu ba, ka nuna masu kasuwar Bodinga."